Sawun Gindin Bindiga a Kotasalo

Ihun Kaisu ne ya fito da mutanen tsibirin Kotasalo daga gidajensu ana dab da cin abincin rana. Kafin Rauha Pesonen ta sa wa karenta Turre igiya ta iso, rabin tsibirin ya taru a ƙofar tsohon rumbun da Urho, mijin Kaisu, ya mayar ɗakin ajiye bindigoginsa. Sun tattake dusar ƙanƙarar tsakar gidan har ta koma taɓo.

"Ku ja da baya," in ji Rauha. "Kun taka duk abin da zan duba."

Ba wanda ya yi mata musu. Ita 'yan sanda ke kira idan mota ta buge naman daji ya shige kurmi da rauni, ko wani tsoho ya fita ɗiban 'ya'yan itace bai dawo ba. Tun tana budurwa take bin sawu, ga shi yanzu furfura ta cinye mata kai.

A cikin rumbun, bindigogin yaƙi ne jere daga ƙasa har rufi, na Rasha, na Jamus, na gida, kowace tana ƙyalli da mai. Urho na kwance a ƙasa kusa da ƙaramin tsani da ya kife, jini ya bushe a kusurwar akwatin ƙarfen da ke gefen kansa. Yana numfashi kamar mai minshari. Goggo Lempi, wadda ta yi aikin jinya kafin tsufa ya zaunar da ita, ta durƙusa a kansa tana buɗe masa ido.

"Da ransa," ta ce. "Amma wannan aikin asibiti ne, ba nawa ba."

Rauha ta ɗaga kai. Can sama, kusa da rufi, ƙugiyoyi biyu ne babu komai a kansu.

Yayanta Tarmo, masunci mai faɗin kafaɗa, yana tsaye a bakin ƙofa, rigar sanyinsa a rufe har wuya. Shi ya fara isowa da ya ji ihun.

"Ba sai an yi dogon bincike ba," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Baƙo ɗaya ne a tsibirin nan, kuma saboda bindigar ya zo."

*

Lokacin ruɓewar ƙanƙara ne. Tafkin da ya kewaye tsibirin ya yi laushin da ba zai ɗauki mutum ba, bai kuma narke yadda kwale-kwale zai ratsa ba. Kowace shekara haka Kotasalo ke zama a kulle, kowa da fulawarsa da garin kofinsa a ajiye, ana jira. Bana sai hazo ya ƙaru a kai, fari fat, ko bakin gaɓa ba a hange daga tagar gida.

Rauha ta kira Sufeto Halonen a babban gari.

"Jirgi mai saukar ungulu ba zai tashi a wannan hazon ba," in ji shi. "Wataƙila gobe, wataƙila jibi. Wanda ya yi abin yana nan tare da ku, ba inda za shi. Ki duba mini ƙasa kafin ta narke, Rauha. Kuma kada ki bari su taɓa baƙon."

Ta sami Kaisu a kicin tana wanke kofunan da an riga an wanke. An shigo da Urho ɗakin kusa, ana jin numfashinsa ta bango.

"Kanti na je," in ji Kaisu. "Na bar su suna faɗa shi da baƙon. Urho ya yi masa alkawarin zai sayar masa da bindigar, mutumin ya taso tun daga Holan, da safen nan kuma ya ce ya fasa. Kin san halinsa."

"Wace bindiga ce haka?"

"Ta gwanayen harbi daga nesa, ta lokacin yaƙi da Rasha, mai madubi a kai. Ya ce 'yan kaɗan aka ƙera, yawancinsu sun ɓace. Jiya ba ki zo bikin cikarsa saba'in ba, da kin sha labari har kunnenki ya yi ciwo. Ya fito da ita kan tebur, tsakanin kek da kofi, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Babu wanda bai riƙe ta ba, har tsofaffi."

"A ina ya same ta?"

Kaisu ta ajiye kofin. "Ga jama'a, cewa ya yi kayan gadon wani ne ya saya a birni. Ni dai na san bara ya dawo da ita daga fadamun kan iyaka, baƙa ƙirin da laka. Hunturu guda ya yi yana goge ta. Ko ni bai taɓa shafa ni haka ba."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye kuka.

*

Mazan sun kulle baƙon a tsohuwar makaranta, inda yanzu ake taron gari. Marten sunansa, siriri mai tabarau, mai gyaran agogo a garinsu. Yana zaune a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yarensu na nan ya koya daga littattafan bindiga, yana jansa a hankali kamar mai tafiya kan santsi.

"Mun yi faɗa, gaskiya ne. Na ce masa maƙaryaci. Sai na fita na je bakin gaɓa, ko zan ga hanyar barin wannan wuri."

"Nuna mini ƙasan takalminka."

Ya ɗaga ƙafa. Takalmin birni ne, ƙasansa sumul.

"Malama, ki yarda da ni. Irinmu masu tara tsoffin bindigogi ba ma taɓa bindiga irin wannan sai da safar hannu. Jiya da na ga ana yawo da ita, kowa da maiƙon kek a yatsa, sai da na fita waje na sha iska. Ko ɗigon ruwa ba zan bari ya taɓa katakonta ba. Zan bugi mutum, in ɗauke ta, in kai ta ina? A nan ko ɓera ba shi da hanyar fita."

Rauha ta bi sawunsa. Ya sauka zuwa gaɓa, ya daɗe a tsaye wuri ɗaya har ƙanƙarar ta lotsa, ya zubar da guntayen sigari, ya dawo ta hanyar da ya bi. Babu inda ya ratse ya ɓoye wani abu. Da ta gaya wa mazan da ke gadin ƙofa, ɗaya ya tofar da yawu.

"Sawu ne zai gaya miki abin da ya yi kafin ya fita? Ya bugi Urho, ya tura bindigar wani lungu, sannan ya je shan sigarinsa."

Rauha ta bar su nan. Ta zaga bayan rumbun.

*

Akwai ƙaramar ƙofa a baya mai buɗewa ga kurmi, kuma ƙafafun jama'a ba su kai nan ba. Da safe saman dusar ƙanƙara kan daskare ya yi ɓawo, sai rana ta ɗaga yake sakewa. Rauha ta tsuguna ta karkatar da kai.

Wani ya zo tun ɓawon na da ƙarfi. Marar nauyi ne, ƙafarsa ba ta bar komai ba, sai ƙananan ramuka masu zurfi jere a gefe ɗaya, kamar an yi ta soka tsinke. Ya koma bayan ƙasa ta sake. Sawun komawar ya zube, ba a gane takalmin, amma taku ne gajeru, kusa da kusa. Ramukan nan babu su. A madadinsu akwai wani shaci dogo mai kama da tafin ƙafar jariri, a hannun dama, yana nutsewa sosai bayan kowane taku biyu.

Ta bi shi cikin itatuwa, hazo na ɗiga mata a wuya. A bakin kurmin sawun ya ƙare. Wani ya bi ta kansa da babur ɗin ƙanƙara, irin mai tafiya kan beli maimakon taya, ya je ya dawo, ya sake zuwa, har ƙasar ta zama kamar an yi huɗa. Belin babur ɗin na da haƙori ɗaya da ya karye. Ta san shi. Ita ta taya Tarmo jawo shi daga kan dutsen da ya karya shi.

Turre ya sa hanci a ƙasa, ya kaɗa wutsiya, ya ja igiya zuwa jan gidan da ke can gangare, gidan mahaifiyarta Onerva.

"Kai, maciyi," ta ce, tana fizgo shi. "Fatar kifi kake so. Ba yanzu ba."

*

Tarmo na cikin rumfar kwale-kwalensa yana ɗinkin koma.

"Yaya, me ya kai babur ɗinka bakin kurmin Urho?"

"Itace na je dubawa."

"Sau uku a wuri ɗaya?"

"An hana ne?"

"Kai da Urho ba kwa ga maciji tun rigimar gaɓar kamun kifi. Kai ka fara isa wurin. Kai ka fara nuna baƙo. In kai ne, gaya mini tun 'yan sanda ba su zo ba."

Ya ja zaren ya tsinka da haƙori. Bai dube ta ba.

"Ke dai kin cika naci tun kina ƙarama. Rana na yi, ƙasa na narkewa. Ki je gida ki dafa kofi, Rauha. Ki bar ta ta narke."

Ta fito zuciyarta na cewa shi ne. Amma taku gajerun nan sun tsaya mata a rai. Tarmo in yana tafiya, taku ɗaya nasa biyun wani ne, kuma ɓawon safiya ba ya ɗaukar nauyinsa.

Ta koma rumbun, ta sauko da wata bindiga mai irin ƙirar wadda ta ɓace, ta fita da ita ta ƙofar baya. Kusa da shacin nan mai kama da tafin jariri ta dasa gindin bindigar, ta jingina nauyinta a kai, ta ɗaga.

Shaci biyu, kamar tagwaye.

Ta daɗe a tsugune. Wanda ya ɗauki bindigar bai saɓa ta a kafaɗa ba, bai rungume ta ba. Dogarawa ya yi da ita. Da sanda ya zo, mai tsinin ƙarfe irin na hunturu, ya koma babu ita. Marten ba zai tsoma wannan katako a jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ba ko da wuƙa a wuyansa. Tarmo kuwa injin kwale-kwale yake ɗauka a kafaɗa ya hau tudu, ba ya buƙatar madogara. Turre ya zauna a gefenta yana kallon gangare, wutsiyarsa na share ƙasa.

Sufeto ya kira da yamma. "Kin sami wani abu?"

Rauha ta dubi jan gidan, hayaƙi na fita ta bututunsa yana narkewa cikin hazo.

"Tukuna," ta ce.

Ba ta je gidan ba. Ta wuce nata, ta zauna da rigar sanyinta a jiki, tana sauraren ruwa na ɗiga daga rufi. In aka ƙara yini guda a haka, ba abin da zai rage a bayan rumbun. Ba sai ta yi ƙarya ba. Zama kawai za ta yi.

*

Da gari ya waye ta kai wa Marten burodi da kofi. Ƙofar makarantar a buɗe take, masu gadi sun tafi karin kumallo. Sawun takalmi sumul ya fita, bai nufi gaɓar da ya je jiya ba, ya karkata arewa, wajen mashigin da ruwa ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙara. Ko a tsakiyar hunturu 'yan Kotasalo ba sa bin nan.

Ta yar da burodin ta ruga.

Da ƙyar ta hango shi cikin hazo, ya yi nisan jifa daga gaɓa. Ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa ta yi baƙi, ruwa na tasowa yana rufe masa takalmi.

"Marten! Tsaya nan! Kada ka ƙara taku!"

Ya tsaya, ya waiwayo.

"Kwanta! Kwanta da cikinka, ka baza hannu da ƙafa! Yanzu juyo, ka biyo inda ka taka. A hankali, kada ka ɗaga gwiwa."

Ƙanƙarar ta yi wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Rauha ta jawo doguwar gorar tura kwale-kwale, ta kwanta a bakin gaɓa ta miƙa masa. Yana kama ta, wurin da ƙafafunsa suke ya buɗe, ruwa ya haɗiye shi zuwa ƙugu. Ta ja, Turre na haushi a kanta, har ta fito da shi kan duwatsu yana kakkarwa, tabarau ɗinsa ya tafi.

"Wa ya buɗe maka?"

"Yayanki," in ji shi, haƙoransa na haɗuwa. "Ya ce in Urho ya mutu, mutanen nan ba za su jira 'yan sanda ba. Ya ce nan ne ƙanƙara ta fi ƙarfi."

Rauha ta cire rigarta ta rufa masa.

*

Ta buga tsohuwar ƙararrawar makaranta har kowa ya hallara. Marten na gefen murhu cikin bargo. Kaisu ta bar wata maƙwabciya a kan Urho ta zo. Tarmo ya tsaya a baya, ya harɗe hannu. Onerva ce ta shigo ƙarshe, sanye da baƙar rigarta ta zuwa coci, tana rataye a hannun Goggo Lempi. Shekarunta sun haura tamanin, idonta ya dushe, da yatsu take gane yawancin abubuwa.

Rauha ta tsaya gaban allo. Ta faɗi abin da ta gani a bayan rumbun, ramukan zuwa, da shacin komawa, da gwajin da ta yi. Ta faɗi inda ta tsamo baƙon da safen nan, da wanda ya nuna masa hanya. Kawuna suka juya baya, wajen Tarmo.

"To, ni ne!" Tarmo ya daka tsawa. "Ni na bugi Urho, ni na ɗauki bindigar. Kin ji daɗi? A rufe maganar."

"Da sanda ka zo, Yaya?"

"Na ce ni ne!"

"Me ke cikin rigarka jiya, da ka rufe ta har wuya a ɗaki mai ɗumi?"

Rauha ta juya wajen Onerva.

"Inna," ta ce, "ina sandarki?"

"Ta karye," in ji Onerva. "Zauna, Tarmo. Ya isa haka. Saura kaɗan ka kashe ɗan mutane saboda ni, kuma ban aike ka ba."

Tarmo ya zube kan benci ya rufe fuska. Tsohuwar ta dafa tebur ta miƙe.

"Bindigar na kan gadona, na lulluɓe ta. Duk wanda zai ɗauko ta ya wanke hannu. Ta babana ce."

Kowa a Kotasalo ya san Aate, mahaifin Onerva, ya tafi yaƙi tana cikin ciki, bai dawo ba, ba a kuma sami gawarsa ba. Sunansa na kan dutsen harabar coci, babu kowa a ƙarƙashi.

"Shekaranjiya da aka miƙo mini ita, na shafa ƙasan katakon. Akwai tambarin gidanmu, ƙafar tsuntsu da layi a ƙasa. Shi ne a kan gadon jaririn da ya sassaƙa mini bai gan ni a ciki ba, shi ne a kan filafilin kwale-kwalensa. Tun ina rarrafe nake shafa shi. Ban ce komai ba, bikin mutum ne. Jiya da safe na bi ta baya na same shi. Na ce, Urho, ba bindigar nake so ba, riƙe abarka. Gaya mini inda ka bar babana."

"Me ya ce?" Kaisu ce ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ya ce mini, Goggo, in na faɗa, hukuma za ta zo ta ƙwace wannan, ta ƙwace sauran, aikin rayuwata ke nan. Ya ce ƙashi ƙashi ne, yana kwance lafiya inda yake. Na ce ashe ka gan shi. Ya ce sai da na ɓamɓare yatsunsa kafin ta fito. Yana dariya ya faɗa, Kaisu, ba da mugunta ba, kamar mai ba da labarin kamun kifi. Ya hau tsani zai rataye ta. Ni kuma na ɗaga sandar."

Ta murza gefen teburin.

"Ƙafarsa na nufa. Na ji ya faɗi, na ji yana zagi, na ce zai tashi. Ban ga jinin ba, ba na gani. Na laluba na sami bindigar, na dogara na tafi gida. Sai da rana Tarmo ya shigo mini da guntayen sandar." Ta juya fuskarta wajen da Kaisu take. "Ban zo neman ki yafe mini ba. Mijinki ne kaɗai ya san inda babana yake, ni kuma da hannuna na rufe masa baki."

Kaisu ta tashi. Mutane suka buɗe mata hanya, ba wanda ya san abin da za ta yi. Ta tsaya gaban tsohuwar, ta daɗe tana kallonta.

"Ni na wanke masa kayan da ya dawo da su daga fadamar," ta ce. "Ban tambaye shi ba. Ban taɓa tambayarsa komai ba." Ta fita, ta bar ƙofa a buɗe.

Daga gefen murhu Marten ya yi gyaran murya.

"Ba Urho kaɗai ne ya san wurin ba. A zuwana na farko, lokacin kaka, ya kai ni can. Masu saye suna son su ga inda abu ya fito, yana ƙara masa daraja. Na ga bakin takalmi a cikin laka." Ya sunkuyar da kai. "Na kawar da ido, na tambaye shi lambar bindigar. In kuna so, zan kai ku."

Mazan da suka kulle shi suka rasa inda za su sa idonsu. Rauha ta fita baranda ta kira Sufeto Halonen. Da ya ɗauka, ta faɗi sunan mahaifiyarta da na yayanta, ɗaya bayan ɗaya, ta jira ya gama rubutawa.

*

Washegari iska ta taso ta kore hazon, jirgi ya sauka a filin makaranta. Urho ya rayu, amma maganarsa ba ta dawo ba, hannunsa na dama ma haka. Hukuma ta kwashe bindigogin, rumbun ya zama fanko. Kotu ta yanke wa Onerva ɗauri, ta jingine shi saboda shekarunta. Tarmo ya yi 'yan watanni a gidan yari a kan abin da ya yi wa baƙon. Da ya dawo, in ya hango Rauha a hanyar kanti sai ya tsallaka ɗaya gefen. Wasu a tsibirin sun ce ta yi daidai, wasu sun ce uwa uwa ce, kuma dukansu da ita suke haɗuwa a layin burodi.

Da bazara Marten ya dawo kamar yadda ya ce. Suka shiga fadamun kan iyaka tare da jami'an da ke tono sojojin da suka ɓace, sauro na cin su. Ya kai su bakin wani tudu, ya tsaya yana juyi, ko'ina iri ɗaya ne a idonsa. Rauha ta ce kowa ya tsaya inda yake. Ta zaga a hankali har ta ga wurin da gansakuka ta fi sauran haske, gefenta a miƙe kamar an yanka da shebur an mayar. Nan suka haƙa.

Bayan an gama gwaje-gwaje aka kawo ƙasusuwan Aate Kotasalo a ƙaramin farin akwati, cikin kwale-kwale, tafkin a buɗe har iyakar gani. A ɗakin bayan coci Onerva ta ce a buɗe mata. Jami'in ya dubi Rauha, ta gyaɗa kai, ya ɗaga murfin.

Tsohuwar ta sa hannu. Ta shafa goshin, ta bi ramin ido, ta sauko kan muƙamuƙi, ta tsaya a haƙoran tana bin su ɗaya ɗaya. Duk suna nan, ƙanana, a jere.

"Rauha."

"Na'am, Inna."

"Duk rayuwata tsoho nake gani idan na tuna shi. Da gemu, da tari." Yatsunta ba su bar haƙoran ba. "Ashe yaro ne. Ko jikana ya girme shi."

Ta cire mayafin ulu daga kafaɗarta, ta shimfiɗa a cikin akwatin, ta cusa gefensa ta ko'ina yadda ake yi wa yaron da ya yi barci.

"To, rufe," ta ce wa jami'in. "A hankali."